Shari'ar Albasar Kawu Riskuwa

Tun kafin Zulkifli ya zauna jarabawar shiga sashen koyon aikin lauya, rabin mutanen layinsu a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, Barista suke kiransa. Ba su suka raɗa masa ba. Shi ya fara maƙala kalmar a gaban sunansa a waya, mahaifiyarsa Hajiya Sauda ta gani ta ji daɗi ta kai gidan biki, daga nan suna ya kama. Abin da ya mallaka na aikin lauya a lokacin bai wuce baƙar kwat da ya tsinta a gwanjo ba, da laktaye, da makin JAMB da ya haye da shi da ƙyar. Saura jarabawar tantancewa wadda jami'ar ke yi a kwamfuta, inda masu nema suka yi wa kujerun yawa nesa ba kusa ba.

Shawarar haɗuwa a yi karatu tare ta Rauda ce, wata tsohuwar 'yar ajinsu da ke Gwadangaji. Ta taɓa zama jarabawar bara ta faɗi da ɗan kaɗan, saboda haka ta san abin da ke ciki: Turanci, adabin Turanci, darasin gwamnati da na addini. Ta saka sanarwa a zauren tsofaffin ɗalibai na waya, ranar farko kuwa barandar wata firamare a Gwadangaji ta cika bayan la'asar. Rauda ta fito da littafin tsofaffin tambayoyi, ta buɗe shafin farko. Ba ta kai ga karanta tambaya ta biyu ba Zulkifli ya ɗaga hannu ya ce taron lauyoyi ba tare da kundin tsarin mulki ba kasuwa ce, kuma shi bai baro Gesse a keke-napep don ya zo kasuwa ba.

Aka shiga rubuta kundi. Aka yi gardama kan suna har aka tsaya a kan Zauren Lauyoyin Gobe. Aka yi zaɓen shugaba, Zulkifli ya ci. Wanda ya kara da shi, Mansur, ɗan wani mai shagon yadi, ya ƙi yarda, ya shigar da ƙorafi cewa an ƙirga hannun wani yaro da ya zo ɗaukar ƙwallonsa. Shi Mansur irin mutanen nan ne da in ka ce masa gulbin Rima ruwa ne sai ya nemi shaida. Ƙorafin nan ya ci makonni ana saurarensa. Kafin a yanke hukunci waɗanda suka zo don karatu sun zame ɗaya bayan ɗaya, aka bar shugaba da ɗan adawa da Rauda, wadda ta kasa tafiya saboda ita ta tara mutane, tana jin kunyar a ce ita ta fara gudu.

Haka su ukun suka ci gaba, kuma suna kiran abin taimakon juna. Kullum in sun haɗu sai sun tambayi juna ko an taɓa karatu a gida. Rauda ta ce ɗan kaɗan. Mansur ya rantse rabonsa da buɗe littafi har ya manta. Zulkifli ya ce shi ma haka. A cikinsu shi kaɗai yake faɗin gaskiya. Kowa ya san kujerun kaɗan ne, wanda ke zaune kusa da kai a baranda shi ne zai iya zaune maka kujera a jami'a, amma ba mai furtawa. Sai a yi addu'a Allah ya ba mu gaba ɗaya, a shafa.

Yadda zaman ke tafiya kuwa, Rauda za ta karanto tambaya, misali wane ɓangaren gwamnati ne ke yin doka. Amsar kalma ɗaya ce. Sai Zulkifli ya miƙe ya gyara kwat ya ce tambayar tana da harshen damo. Sai Mansur ya miƙe ya ce ba ta da shi. Nan take a naɗa Rauda alƙali, a ɗora ta kan teburin malami, su biyun su yi ta kai-komo a gabanta suna “objekshan, mai lod,” yadda suka gani a bidiyon waya. Ita kuwa mai shari'a ta buɗe littafinta a cinya tana karatunta, in an tsaya ana jiran hukunci ta ce an ɗage zama, ba tare da ta ɗago kai ba. Zulkifli yakan koma gida murya a dishe, zuciya fari tas, yana jin a ransa yau kam an sha karatu.

Ana saura kwanaki kaɗan jarabawa sai ga waya daga Argungu. Kawu Riskuwa ne, yayan Hajiya Sauda, manomin albasa a fadama. Maƙwabcin gonarsa Atiku ya bar injin ban-ruwa a kunne ya tafi kasuwa, ruwa ya fasa kunya ya kwanta kan fangalin irin albasar Kawu har irin ya ruɓe. Za a zauna gaban mai unguwa ranar Asabar. Hajiya ta daɗe tana cika wa yayanta kunne da labarin Barista, shi ya sa ya ce a turo masa shi.

Zulkifli bai yi barcin kirki ba don murna. Ya sanar da zaure cewa an samu shari'ar gaske, kuma bisa kundi duk memba sai ya halarta. Rauda ta ce Asabar ɗin nan ita ce ta ƙarshe kafin jarabawa, ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi ko littafi ɗaya cikin na adabi bai karanta ba. Ya ce mata littafi ana karanta shi ko yaushe, amma kotu ba kullum take samuwa ba. Mansur ya goyi bayansa, abin da bai taɓa yi ba. Da Zulkifli mai lura ne da ya tsaya ya yi tunani a kan wannan goyon bayan.

Suka isa Argungu da hantsi. Rauda ta shige cikin gida wurin matan Kawu da littafinta. Kawu Riskuwa ya ja ɗan ƙanwarsa gefe, ya dubi kwat da laktaye sama da ƙasa, ya gamsu. Ya gaya masa cewa maganar ma kusan ta mutu, dattawa sun riga sun daidaita tun jiya: Atiku zai ba da haƙuri a gaban jama'a, ya kuma ɗebo iri daga nasa fangalin ya mayar masa. Shi da Atiku tare suka tashi, kusan kowane rani sai sun yi irin wannan, a faɗa musu su bari, su bari.

“Ni dai ka zamna kusa gare ni su gane ka,” in ji Kawu. “Ya san ni ma ina da mutane. Shi ke nan aikinka.”

Zulkifli ya ce to. A ransa kuwa ya ce tsoho bai san darajar abin da Allah ya ba shi ba.

Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar ƙofar gidan mai unguwa. Dattawa suka zauna, aka yi addu'a, mai unguwa ya maimaita abin da ya faru a taƙaice. Atiku, wani dogon mutum mai sanyin magana, ya sunkuyar da kai ya ce kuskure nasa ne, ya yi niyyar dawowa da wuri ciniki ya riƙe shi, Riskuwa ya yi haƙuri don Allah, iri kuma gobe da safe zai kai masa har gona. Kawu ya buɗe baki zai ce ya yafe.

“Objekshan.”

Kowa ya waiwaya. Zulkifli yana tsaye, gumi na bin wuyan kwat, hannu ɗaya a baya.

“Mi yac ce?” mai unguwa ya tambayi na kusa da shi.

Zulkifli ya yi bayani da Hausa mai gauraye da Turanci. Ya ce abin da Malam Atiku ya yi yanzu a shari'a sunansa amsa laifi, kuma ya amsa shi a gaban shaidu. Tunda ya amsa, maganar iri ba ta wadatar ba, akwai diyyar ɓata lokaci, da diyyar tashin hankali, da ta abin da albasar za ta haifa da ta rayu. In kuma aka bincika aka ga da gangan ne, to akwai gidan yari, kuma shi a shirye yake ya kai maganar har babbar kotu. Kawu ya ja masa ƙafar wando. Ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa ake yi, ya ƙara murya.

Atiku ya ɗago kai ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya wurin mai unguwa.

“Ranka ya daɗe, in ba da haƙuri laihi na, to na janye haƙurina.”

A nan ne Mansur ya miƙe, yana kakkaɓe rigarsa. Ya ce a ko'ina cikin duniya ba a yi wa mutum shari'a ba tare da mai kare shi ba, kuma tunda abokin aikinsa masani ya tsaya wa mai ƙara, shi zai tsaya wa wanda ake ƙara, fisabilillahi. Atiku bai taɓa ganinsa ba, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya matsa masa wuri a tabarma.

Mansur bai yi doguwar magana ba, tambaya ya yi. Ya ce ta ina ruwan ya bi. Aka ce ta gindin giginya. Ya ce fangalin da ya ruɓe a ina yake. Aka ce nan gindin giginyar, tsakanin gonakin biyu. Ya ce to wannan yankin na wane ne.

Kawu Riskuwa ya ce nasa ne mana, ubansa ya noma shi, shi ma ya noma. Sai wani tsoho ya gyara murya, ya ce tunda an tambaya, shi ba zai mutu da magana a ciki ba. Yankin nan aro ne. Uban Atiku ya ara wa uban Riskuwa shekarar da ambaliya ta cinye masa gona, suna abokai, ba wanda ya sake tayar da zancen har suka koma ga Allah. Wasu dattawa biyu suka gyaɗa kai ba da son ransu ba. Shi kansa Atiku, daga yadda ya buɗe baki, ka san ya manta ko bai taɓa sani ba.

Mansur ya buɗe hannuwa ya ce ashe ke nan ruwan Malam Atiku ne ya kwanta a ƙasar Malam Atiku, shi bai ga abin ƙara ba, sai dai in za a yi maganar amfanin da aka yi ta kwasa a wurin shekara da shekaru.

Allura ta tono garma. Mai hankali a nan zai zauna. Zulkifli ya ce ina takardar aron. Atiku, wanda yanzu sanyin maganarsa ya tafi, ya ce ina takardar Riskuwa. Babu ko ɗaya. Sai Zulkifli ya tuno wani abu da ya taɓa ji a bidiyo, ya ɗaga yatsa ya sanar da taro cewa a doka, duk wanda ya daɗe yana riƙe da ƙasa mai ita bai yi magana ba, ta zama tasa, ko da aro ce, ko da mai ita bai so ba. Dattawa suka ɗauki salati. Abin da suka ji shi ne yaro ya tsaya a gaban mutane ya ce kakansa ya ci amanar abokinsa, kuma doka ta sa masa albarka.

Mai unguwa ya jawo takalmansa. Ya ce shi maganar ruwa aka kawo masa, kuma ya kashe ta tun jiya. Maganar ƙasa ta fi ƙarfinsa, sai su nufi gaba. Ya yi addu'a gajeriya ya shige gida.

Kawu Riskuwa bai yi faɗa ba. Ya tsaya a ƙofar gidansa ya dubi Zulkifli, ya ce, “Zamna nic ce ka yi.” Ya shiga ya turo yaro ya ce a gaya wa baƙi mota na jira a tasha. An dafa shinkafa da kifi saboda su, ba a fito da ita ba.

A mota Mansur yana ta annashuwa. Atiku ya bi shi har tasha da ƙunshin bandar kifi, warinsa ya cika motar tun daga Argungu har Birnin Kebbi. Mansur ya miƙa wa Zulkifli hannu ya ce aikin lauya ba gaba ba ne, a kotu a kara, a waje a ci abinci tare, ya kuma yi masa tayin kifin. Zulkifli ya kau da kai yana bayanin cewa a fannin doka shi ya yi nasara, matsalar dai mutanen karkara ba su fahimci tsari ba. Rauda ta riga ta ji komai daga bakin matan gida, waɗanda suka daina yi mata magana tun da labari ya shigo. Ta rufe littafinta ta ce masa ita a iya saninta, mutum biyu sun zo da safe suna abokai, an ba ɗaya haƙuri an yi masa alkawarin iri, yanzu ba haƙuri, ba iri, ba aboki, gonar ma tana lilo. In wannan ce nasara, Allah ya tsare ta da ganin faɗuwarsa.

Ranar jarabawa ya sa kwat ɗinsa. A bakin zauren jarabawa wata yarinya ta ɗauka mai sa ido ne, ta rusuna ta tambaye shi inda za ta zauna, ya nuna mata da hannu cikin isa. Wannan ne abu na ƙarshe da ya yi masa daɗi a ranar. Kwamfuta ta buɗe. Ta tambaye shi kalmar da ta yi daidai da wata kalmar da bai taɓa gani ba. Ta tambaye shi abin da wata mata ta ce wa mijinta a babi na kaza na littafin da ko bangonsa bai sani ba. Ta kawo tambayar nan ta ɓangaren gwamnati mai yin doka, wadda suka yi yini suna shari'a a kanta, sai ya ga ya tuna duk hujjojinsa da na Mansur amma bai tuna amsar ba, domin mai shari'a ba ta taɓa yanke hukunci ba. Ya duba ko akwai wurin da mutum zai yi bayani. Babu, haruffa huɗu ne kawai, ka zaɓi ɗaya. Can gefe ya hango Mansur, mutumin da rabonsa da littafi har ya manta, yana danna amsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Allon Zulkifli ya rufe kansa yana tsakiyar tunanin ko tambaya ta talatin da wani abu tana da harshen damo.

Da sakamako ya fito Rauda na can sama. Mansur ma ya shiga, ba da wani rata mai yawa ba, amma ya shiga. Ya kira Zulkifli ya ce wallahi shi ma mamaki yake, sa'a ce kawai. Zulkifli, wanda sunansa bai fito ba, ya kwana biyu yana rubuta ƙorafi zuwa ga jami'a, mai sashe-sashe, yana zargin kwamfuta da rashin ba shi damar kare kansa. Rauda ta karanta ta gyara masa kurakuran Turanci, ta dawo masa da shi ja-ja da biro, ta ce in ya aika da shi a haka za su gane dalilin faɗuwarsa ba sai sun duba maki ba. Bai aika ba. Hajiya Sauda kuwa, in an tambaye ta a gidan suna, sai ta ce an ɗage karatun Barista zuwa baɗi.

Maganar gindin giginya ta tafi kotu. Kawu ya ɗauki lauya na gaske, Atiku ma haka, aka yi ta ɗage zama har albasa ta nuna aka cire, yankin yana nan ba wanda ya taɓa shi sai ciyawa. Da suka gaji da zirga-zirga, dattawan nan dai suka sake zama suka raba wurin biyu, kowa ya ɗauki rabi. Gaisuwa ta dawo tsakanin Riskuwa da Atiku, amma aron inji da cin tuwo a kwano ɗaya ba su dawo ba.

Kafin Rauda ta tafi makaranta ta aiko ƙanenta da littafin tsofaffin tambayoyin, duk ya sha lanƙwasa. Ta ce za ta riƙa turo masa tambayoyi ta waya duk mako, da sharaɗin amsarsa kada ta wuce harafi ɗaya. In ya ƙara ko da “amma” ce, ta daina. Makon farko ya rubuta mata shafi guda ya goge, ya tura harafi. Bai ci ba. Ta turo masa daidai ɗin ba tare da ta ce komai ba, wannan shirun kuwa ya fi masa zagi ciwo. A hankali ya fara ci.

Hajiya ce ta matsa masa ya je ya ba yayanta haƙuri, domin tun ranar nan Kawu bai sake ɗaukar wayarta ba. Ya tafi cikin riga da wando na yadi, ya iske Kawu a fadama yana gyaran kunya a rabin da ya rage masa. Ya durƙusa ya fara jero bayani, ya ji bayanin na neman zama jawabi, ya katse ya ce ya yi kuskure, a yafe masa. Kawu ya ci gaba da aikinsa har sai da ya kai ƙarshen kunyar. Sannan ya dogara da fartanya ya tambaye shi ko har yanzu yana nan kan bakansa na zama lauya. Zulkifli ya ce in Allah ya yarda, zai sake zama jarabawa mai zuwa.

“To, na yahe maka. Allah shi ba ka sa'a,” in ji Kawu. “Amma in ka zama, don Allah ka bari Atiku shi ɗauke ka.”

Ya miƙa masa fartanyar ya nuna masa kunya ta gaba. Zulkifli ya naɗe hannun riga ya kama, bai iya ba, Kawu bai gyara masa ba. Sai da azahar ta yi aka aiko daga gida da kwanon shinkafa, suka wanke hannu a bakin injin ban-ruwan Kawu suka ci.